Maman Mai Hoto da Kalmar da Kadi Ta Riƙe

Duk wanda ya saba bin layin bayan Ƙaramar Kasuwa da sassafe ya san kukan keken Maman Mai Hoto. Sarƙar keken nan ta fi shekara goma tana roƙon mai, amma mutumin da ke iya kwance kyamara ɗaiɗai ya mayar da ita ba tare da ƙusa ɗaya ta yi saura ba, har yau bai ga dalilin ɗiga mata ko ɗigo ba. Yakan iso bayan sallar asuba, ya jingine keken a gindin bishiya, ya buɗe shago da bisimilla, ya yayyafa ruwa a ƙofa ya share. Sa'an nan ya rataya labulen da ake tsayawa gabansa, wanda aka zana wa gada da jirgin sama da wata itaciya da babu irinta a duk faɗin Nijar. In ya gama sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur ya jera kayan aiki: gashin zabo guda uku, ɗan famfon roba na hura iska, da 'yan ƙarafan kwance ƙusa masu siririn baki. Daidai lokacin ne maƙwabciyarsa Raliya mai dambu take sauke tukunya. Ta ce masa "Fofo" da Zabarmanci, ya ce mata "Ina kwana," kowa da harshensa, shekara ashirin ke nan ba wanda ya sauko wa wani.

Ƙarshen watan nan Maman zai rufe shagon. Yanar ido ta sauko masa, ƙananan ƙusoshin da yake tsinta da kan yatsa yanzu sai ya laluba, kuma shi ba mutumin da zai karɓi kayan wani ya lalata ba ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wannan ɗaki. Ba za a ambace shi a rediyo ba, ba kuma wanda zai maƙala masa lambar girma, don lambobin nan sun san irin ƙirjin da suke bi. Abin yana ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Ni dai alƙalami gare ni, na kuma daɗe ina zama a bencin ƙofarsa ina shan inuwa, saboda haka bari in faɗi abin da na gani da abin da waɗanda suka gani suka faɗa mini.

Maman mutumin Damagaram ne, ya zo Yamai yana saurayi tun zamanin Faransawa. Rabin ma'aikatan da ke kai da kawo a ofisoshin unguwar Filato, in suka duba hoton da ke katin shaidarsu na farko, za su ga kwat ɗin da ke jikinsu ba tasu ba ce. Kwat ɗin Maman ce, guda ɗaya tal, baƙa, tana rataye a bayan ƙofa. In ta yi maka yawa ya kama ta da allura ta baya, in ta yi maka kaɗan ya ce ka riƙe numfashi. Wasu daga cikin waɗanda suka riƙe numfashin nan yau direba ke buɗe musu ƙofar mota, kuma in sun wuce ta layin ba sa juyo da kai. Maman bai taɓa kawo zancen ba, ni ne dai ban manta ba.

Amma aikin da ya fi so shi ne gyara. Turawan da ke garin nan, da 'yan kasuwa masu zuwa daga Kano da Ikko, da ma'aikatan da suka yi karatu a waje, duk wanda rairayi ya shiga wa kyamara, nan ake nuna masa. Akwai wata irin kyamarar Japan da ta fi kowace yawan zuwa hannunsa, kuma yana da wata ɗabi'a a kanta da ta daɗe tana ba mu dariya. Ga suna nan rubuce ɓaro-ɓaro a goshinta, Nikon, amma sai ya juya ta ya dubi mai ita ya ce, "Mi sunanta?" Ba don bai sani ba. So yake ya ji yadda sunan zai fito daga bakin mutum.

Bafaranshe zai tura rabin kalmar cikin hanci ya haɗiye ƙarshenta, sai ka ji kamar Bahaushe na tambaya, "Ni ko?" Maman ya ce ai sunan ya dace, don duk wanda ya miƙa wa hotonsa abin da yake fara faɗi ke nan. Raliya kuwa ba ta yarda ba, saboda a Zabarmanci "ni" na nufin "kai". Ta ce abin da ake auna mutum da shi ai "kai" zai ce, ba "ni" ba, Hausawa ne dai komai sai su ja shi wajen kansu. Wannan gardama ta girmi wasu 'ya'yanta. 'Yan kasuwar Kano su kan buga kalmar da ƙarfi, "Nikkon", Jamusawa su ja farkonta, "Niikon". Mutanen Amirka kaɗai ne ke buɗe baki su ce "Naikon". Sau ɗaya wani mutumin Japan da ya zo aikin rijiyoyi ya shigo shagon, Maman ya ga yau gardama ta ƙare. Mutumin ya faɗi sunan a gajarce, gaɓa-gaɓa, bai ja ba bai buga ba, ya sunkuyar da kai. Da Maman ya tambaye shi to su waye suka yi daidai, sai ya yi murmushi ya ce kowa ya kira ta yadda bakinsa ya iya, ita dai a hana ta rairayi. Raliya ta ce wannan mutum ya ji tsoron faɗin gaskiya ne kawai.

Mun ɗauki abin wasan tsoho ne, har shekarar tamanin da huɗu ta zo.

Ba sai na tuna wa kowa wannan shekara ba. Damina ta yi alkawari ta saɓa, gero ya bushe yana tsaye, dabbobi suka zube a hanyoyi. Mutanen karkara suka yi ta kwararowa Yamai, suka kafa bukkokin kwali da tsumma a bakin gari. Raliya ta riƙa ɗora tukunya biyu, ɗaya ta sayarwa, ɗaya wadda ba a tambayar ina ta tafi. Wata ranar Litinin da hantsi, cikin waɗanda ta zuba wa akwai wata mace ramammiya, ba za ta wuce shekara talatin ba, da ƙunshin tsumma a hammata. Ta karɓi dambun, amma ba ta kai baki ba. Idonta na kan teburin Maman, inda wata baƙar kyamara ke kwance a kan farin ƙyalle.

Maman ya lura. Ya ce, "Ɗiyata, lafiya? Ci abincinki, abin nan ba ya cizo."

Ta matso bakin ƙofa ta durƙusa. Da ta buɗe baki muka san mutuniyar Adar ce. Ta ce, "Baba, irin abin ga na gani ga wuyan anasarar da tat tahi da maigidana."

Sunanta Kadi, mijinta Halidu. Sun baro ƙauyensu a ƙasar Tawa da ƙafa, su da dangin mijin, bayan akuyar ƙarshe ta mutu. Ɗiyarsu ɗaya, sun binne ta a hanya. Da suka fito babbar hanya, a wani wurin da ake raba kunu, Halidu ya yanke jiki ya faɗi. Wata farar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya, aka ɗauke shi tare da wasu marasa lafiya, kafin Kadi ta dawo daga neman ruwa har an tada inji. Ta tsinci takalminsa ɗaya da ya faɗi, ta sheƙa a guje ta cim ma baturiyar da ke tare da motar tana shirin shiga gaba. Ta kama igiyar abin da ke rataye a wuyanta tana tambaya ina za su kai shi. Baturiyar ta dube ta, ta faɗi kalma ɗaya, ta shiga mota.

Daga nan Kadi ta ɗauka duk motar Turawa Yamai take zuwa. Kwana arba'in da uku tana yawo, ta je babban asibiti, ta je ƙanana, ta tsaya a ƙofar duk gidan da ta ga farar mota. Kowa tambayarsa ɗaya: su waye, wace ƙungiya, Faransawa ne ko Jamusawa ko wasu? Ita kuwa a wajenta anasara anasara ne. Wan mijinta Abdou ya gaji, ya ce shi ya ga idon Halidu lokacin da aka ɗaga shi, gawa aka ɗauka. Ga shi an yi shela cewa ranar Asabar motocin soja za su kwashe mutanen bukkoki zuwa wuraren noman rani. Abdou ya yanke magana: ranar da suka hau mota, ranar za ta shiga takaba.

Raliya ta share ido da bakin zane ta ce, "Kala suru, 'yar'uwa, sai haƙuri." Ni ma abin da na ce ke nan, don me ya rage a ce? Maman kaɗai ne bai ba da haƙuri ba. Ya ajiye gashin zabon da ke hannunsa ya ce, "Kalmar da ta faɗa miki, kin riƙe ta?"

"Na riƙe. Tambayata ta yi da Hausa. Takalmin na hannuna, tac ce, 'Nai ko?' Nic ce, 'I, nai ne.' Ina miƙa mata, mota tat tashi."

Ga wanda bai sani ba, mutanen Adar ba sa cewa takalminsa, sai takalmi nai. Duk wanda Kadi ta ba wannan labari ya ji shi yadda ta ji shi: baturiya ta tsinci Hausa biyu a hanya, ta tambaya ko takalmin nasa ne. Maman ya gyara zama.

"Sake faɗi, ɗiyata. Kada ki faɗa da bakinki, faɗa da nata. Yadda kika ji."

Kadi ta runtse ido, ta buɗe baki sosai ta ce, "Naai-kon."

"Da ta faɗa, takalmin take kallo ko hannunki?"

"Hannuna. Wanda nir riƙe igiyar da shi."

Maman ya miƙa hannu kan tebur. Ya ɗauki kyamarar ya ɗora a tafin hannu ya ce, "Ba tambayarki ta yi ba. Ta zaci kina son sanin sunan abin nan ne, ta faɗa miki sunansa. Kuma duk duniya mutanen ƙasa ɗaya na sani masu kiran sa haka." Ya juya wajen Raliya ya ce, "Ba'amirkiya ce."

Kada mai karatu ya zaci an gama. Garin nan ba ya rasa mutanen Amirka, kuma Asabar saura kwana biyar. Amma Maman ya san masu kyamara ta kyamarorinsu. Mata uku 'yan Amirka ke kawo masa irin wannan. Biyu malaman makaranta ne, ba sa wuce gadar garin. Ta ukun ma'aikaciyar jinya ce mai yawon ƙauyuka, doguwa, bai san sunanta ba, shi dai yana kiran ta Madam Rairayi saboda abin da yake kakkaɓowa daga kyamararta ya isa a yi taimama. Rabonta da shagon wata biyu, kuma bai san gidanta ba.

Ya rufe shago, abin da ko ranar da aka haifa masa 'ya'ya bai yi ba, ya hau keke ya nufi Filato. Ƙofa-ƙofa ya bi, yana gaida masu gadi yana kwatanta mace doguwa mai farar mota. A zamanin nan na soja, tsoho mai yawo a layin ofisoshin jakadanci yana tambayar gidan baƙi ba ya daɗewa ba a lura da shi ba. Ranar Talata aka tare shi, ya wuni a kan benci a wani ofishin 'yan sanda yana amsa tambaya ɗaya sau goma. Abin da ya cece shi, wanda ke tambayar ya taɓa sa kwat ɗin nan. Ya sallame shi da gargaɗin kada ya sake ganinsa a layin. Ranar Laraba Maman ya koma, sai dai ya bi ta layin baya. Matarsa ta ce masa yana da 'ya'ya shi ma, kuma matar nan ba danginsa ba ce. Ya ce ya sani. Ya gaya mini daga baya cewa tsoro ya ji sosai, amma in ya tuna shi kaɗai ne a garin nan ya fahimci kalmar, sai ya ga ba shi da wanda zai bar wa.

Ranar Alhamis da la'asar wani mai gadi Buzu ya ce ya san ta, tana wani ƙaramin gida a bayan layin, kuma jiya ta dawo daga daji. Maman ya same ta a tsakar gida tana wanke ƙafa a bokiti. Da Faransancinsa na kasuwa ya ba ta labari tun daga farko. Da ya zo kan kalmar, ya bayyana mata abin da Kadi ta ji, sai matar ta sa hannu biyu ta rufe fuska. Ta ce ta tuna mace ta kama mata igiya. Ta ɗauka tafintan da ke tare da su ya riga ya gaya wa dangi inda za a kai su, ita kuma a gajiye take, ta faɗi abin da ta zaci ana tambaya. Ta yi kuka sosai, Maman ya bar ta ta gama.

Sai dai ba ta san sunan Halidu ba. A watannin nan ta ɗauki mutane sun fi ɗari, ta sauke su a asibitoci huɗu dabam-dabam. Abin da take da shi kawai gwangwanin madara cike da fim goma sha huɗu da ba a wanke ba, kowanne ta rubuta masa rana da wuri a jiki, don takan ɗauki hoton bayan motar kafin su tashi. Maman ya rungumi gwangwanin ya ɗaure a bayan keke.

Ranar Juma'a tun da safe ya shiga ɗakin duhu, masallaci kaɗai ya fito da shi. Raliya ta yi ta ƙwanƙwasa masa ƙofa da kwanon abinci yana cewa ta ajiye. Ya wanke fim ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya shanya kilishe a igiya. Kilishe na ce, ba kilishi ba, wato fim ɗin da aka wanke, inda baƙin mutum ke fitowa fari. Bai taɓa ganin Halidu ba, saboda haka ba fuska yake nema ba, ƙafafu yake bi. Idon nan da yanzu ya gaji, a ranar ya bi ƙafafun mutum fiye da ɗari, duk sirara, duk iri ɗaya. A fim na goma sha ɗaya ya ga mutum uku kwance a bayan mota, na tsakiya da takalmi a ƙafar hagu, ta dama ba komai. Ya buga shi a takarda babba. Kafin ta bushe rana ta faɗi, kuma soja sun riga sun tsare hanyar bukkoki don ƙidayar masu tafiya.

Asabar da sassafe muka tafi, shi da ni da Raliya. Na ce masa ya bar hoton a cikin riga har mu ga Kadi, don a lokacin hoton mai yunwa ba abin da ake yawo da shi a fili ba ne. Ana iya karɓe masa takardar izini da kayan aiki gaba ɗaya. Muka tarar an cika motoci, injuna na ruri. Wani sarjan ya tare mu da hannu ya ce ba mai wucewa. Maman ya duba ya ga ba wata hanya, sai ya zaro hoton ya miƙa masa.

Sarjan ya ɗaure fuska. "Wa ya ba ka izinin wannan foto, tsoho?"

"Ba ni na ɗauka ba, ni na wanke. Matar na tsakiyan nan tana cikin motocinka, ranka ya daɗe. In ta tafi yau, takaba za ta shiga, kuma ba wanda ya ga kabarinsa."

Sarjan ya daɗe yana kallon hoton. Ban san abin da ya gani ba, wataƙila shi ma yana da ƙauye. Ya ce, "Minti biyar. In sun cika ban san ka ba."

Maman ya bi motocin yana ɗaga takardar sama da hannu biyu, Raliya na bayansa tana ƙwala kiran Kadi da muryar tallan dambu. A mota ta huɗu aka amsa. Aka miƙa hoton hannu-hannu har ya kai gare ta. Ba ta yi ihu ba. Ta kwance ƙunshin tsummanta ta fito da takalmin, na ƙafar dama, ta ɗora a kan takardar, ta ce, "Shi ne."

Abdou ya karɓa ya duba, ya ce, "Shi ne, amma dubi yadda yake. Kadi, wanga hoto na kwana arba'in da wani abu ne. In kin sauka, mu ba mu dawowa. Ba ki da kowa garin ga." Ba mugunta ce ta sa shi faɗi ba, hawaye ne a idonsa. Ya juyo ga Maman ya ce, "Baba, ka tabbata yana da rai?"

Nan ne na ƙara girmama Maman, don da ni ne da na ce i. Shi ya ce, "Ban tabbata ba. Na san dai inda aka sauke shi. Ko shi za mu tarar ko kabarinsa, Allah kaɗai ya sani."

Kadi ta dubi danginta, mutanen da ta taka ƙasa da su tun daga Adar, ta ce, "Yaya, ku yahe mini. Ko kabari ne, in gani da idona." Ta ɗora ƙafa a kan taya ta sauko. Motoci suka tashi, ta tsaya tana kallonsu har suka sha kwana.

Rubutun da ke jikin fim na goma sha ɗaya ya nuna wani ƙaramin asibiti a bakin hanya, gaba da Doso. Madam Rairayi ta ɗauke su a motar nan dai. Ta buɗe wa Kadi gaba, Kadi ta ƙi, ta hau baya ta zauna, Maman ya hau ya zauna nesa da ita kaɗan. Ni ban je ba, abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji, sai da na yi ta jan sa kafin ya faɗa.

Sun isa da la'asar sakaliya. Ma'aikacin asibitin ya karɓi hoton ya kai shi bakin taga. Ya ɗora yatsa a kan na dama ya ce wannan kwana biyu ya yi. Ya ɗora a kan na hagu ya ce wannan ma sun binne shi. Da ya zo na tsakiya sai ya kawo takardar kusa da ido, ya nisanta ta, ya ce, "Kai! Ashe haka ya zo mana?" Ya nuna bayan ɗakin da haɓa.

Akwai ɗan lambu a wurin, kewaye da ƙaya. Wani mutum na fitowa daga bakin rijiya da gwangwani biyu na ruwa, yana tafiya a hankali irin ta wanda ya tashi daga doguwar jinya. Sati uku ya yi bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo ya aika saƙo ƙauyensu aka ce ba kowa, sai ya zauna yana ban ruwa, duk motar da ta tsaya a hanya ya je ya leƙa.

Ya ɗago ya gan ta. Maman ya ce ya zaci za su ruga, amma mutanen Adar ne, kuma ga baƙi tsaye. Halidu ya tsaya cik ya ce, "Kin taho?"

"Na taho."

"Ina su Yaya?"

"Sun wuce da sahe."

Can ya ce, "Kin ci abinci?"

Ta zauna daɓas a cikin kunyar albasa ta ja mayafi ta rufe kai, kafaɗunta na girgiza. Gwangwanayen suka suɓuce daga hannun Halidu, ruwan ya malale a ƙasa, kuma a shekarar da ake faɗa kan moɗa ɗaya ba wanda ya ce ya yi ɓarna. Na tambayi Maman ina hoton wannan rana, tunda da kyamara a wuyansa ya tafi. Ya ce ya ɗaga ta, amma ya murɗa ya murɗa komai ya ƙi fitowa sarai, sai daga baya ya gane ba gilashin ba ne, idonsa ne ya cika.

Maman na Damagaram, mai kunnen da ya fi idon kyamara gani, yau da kai nake. Kai ne ka ji abin da asibiti da ofis da mu 'yan zaman benci muka ji muka wuce. Kwana arba'in da uku matar nan tana faɗin kalmarta ana ba ta haƙuri, kai kaɗai ka ce ta sake faɗi. Kai ne ka wuni a bencin 'yan sanda saboda matar da ba ka san ƙauyensu ba, ka koma washegari duk da tsoro. Da aka tambaye ka ko ka tabbata, ba ka sayi zuciyarta da ƙarya ba. Mun yi shekaru muna yi maka dariya kan tambayar sunan abin da ka sani, ashe mu ne ba mu san abin da kake tarawa ba. Na gode, Raliya ta gode, ko da yake ta ce in rubuta cewa har yanzu ita ce da gaskiya a gardamarku. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka huta cikin jikokinka, ya saka maka da abin da mu ba mu iya ba.

Ku kuma da ke zaune bayan tebur, a asibiti ko a ofis ko a shago, roƙona ɗaya ne. In talaka ya zo muku da magana a karkace, da harshen da ba naku ba, kada ku yi saurin ba shi haƙuri. Ku ajiye abin da ke hannunku ku ce ya sake faɗi. Sau da yawa abin da zai cece shi yana cikin bakinsa, mai saurare ne babu.

Kadi ba ta yi takaba ba. Da ruwa ya dawo sun je sun nemo su Abdou, aka yi kuka aka yi dariya, sa'an nan suka dawo Yamai suka kama ɗan fili a bakin gari wajen Bobiel suna shuka kayan miya. Shekaranjiya na haɗu da su a hanyar kasuwa, shi da kwandon tumatir a ka, ita da goyo a baya. Ba su ma gan ni ba. Faɗa take yi masa a kan ya bar ƙofar lambu a buɗe awaki sun shiga, shi kuwa yana ta rantsuwa ba shi ba ne.